Ɗan Kile Mai Jan Zare

Shekara talatin ina kafa kunne a jikin inji
in ce maka buji ne, ko ruwa ya shiga mai.
Yanzu ɗan ƙanwata Nomau ke zama kan tsohuwar taya a Turaku,
ordinata bisa cinya, waya ɗaya ƙarƙashin sitiyari,
yana hira da mota, farcensa fes.

Akwatin bai kai tafin hannuna biyu ba.
Shi ke cewa: mai, ɗigo kaza.
Wuta, yanzu, ba ɗazu ba.
Nomau ya nuna mini gidajen, kamar na dara,
kowane rami da lambarsa.
Ya ce, Kawu, taswira ke nan.
Na ce, ta ina? Ban ga Tawa a ciki ba.

Ran Talata Sufyanu ya zo, ɗan mai shagon siminti,
da bidiyo a wayarsa:
motar tsere tana keta yashi, tana tofa wuta ta baya.
Wannan zuciyar yake so a dasa wa Korolarsa.

Nomau bai ɗaga kai ba.
Ya ce, waccan da kake kallo ba ta san gobe ba.
Taswirar kwana uku aka rubuta mata,
aka kankare mata tsoro kaf.
Tataccen mai take sha daga duro mai hatimi,
mutum shida na jiranta a ƙarshen hanya
su buɗe cikinta tun ba ta huce ba,
su yar da duk abin da ya gaji.

Taka fa?
Esansin kwalba take sha a Wadata,
rabi mai, rabi Allah masani.
Ƙarfe ɗaya na rana, watan huɗu,
tana tsaye kan gadar Kennedy bayan tirela,
sanyi a kunne, allura na hawa.
Wanda ya ƙera ta ya san da haka,
ya bar mata rara,
kamar damin da ake ƙyalewa a gindin rumbu.
Shi kake so mu sussuke yau.

Sufyanu ya ajiye jika tamanin kan kujera.
Kuɗin hayar gareji saura kwana biyar.
Na kalli ƙasa.

Nomau ya kwafe tsohuwar taswira cikin ɗan kile,
ya ɗaura masa jan zare,
ya rataye a ƙusar da nake rataye tasbaha.
Sannan ya matso da wuta gaba,
ya buɗe wa mai ƙofa,
ya ɗage katangar da ke cewa ya isa.

Ta fita tana gurnani, tsakuwa na tashi.
Ba zan yi ƙarya ba,
ni ma wani abu ya motsa a ƙirjina
wanda na zata ya daɗe da kwanciya.

Kwana goma sha tara.
Da igiya aka jawo ta daga hanyar Doso,
Sufyanu a ciki yana riƙe da sitiyarin da ba ya kai shi ko'ina.
Fistan na uku ya huje,
ƙaramin yatsana ya shige har gaɓa.

To, wannan aikina ne.
Kwana huɗu ina cikin baƙin mai har gwiwar hannu,
ba lambar da ta taya ni ɗaure noti ɗaya.
Da na gama, Nomau ya miƙa hannu ga ƙusa,
ya mayar mata da tsoronta.
Ta tashi a hankali, kamar mai jinya ya karɓi koko.

Barmu ɗan taksi na gefe yana kurɓar shayi.
Ya ce, yaro, tunda tana jin maganarka,
ba ka rubuta wa tawa ta rage ci?
Nomau ya yi dariya, sai kuma ya daina.
Ya jawo wayar, ya ce, buɗe ƙofar mu gani.